Motar Lantarki: Za Ta Kai Mu Gida Ta Dawo Da Mu?

A hutun da ya wuce, ana jibi Sallah, na raka Baba gidan mai domin mu cika tanki saboda tafiya gida. Muna zaune a Kano ne, amma asalinmu wani ƙauye ne gab da Kaduna, can kuwa muke yin kowace Sallah. Da aka gama zuba mai Baba ya dubi abin da ya biya, ya yi shiru. Sai da muka hau titi ya ce mini, "Kai da kake karatun kimiyya, wai motar nan da aka ce ba ta shan mai, za ta kai mu gida ta dawo da mu?" Na ce, "Baba, a ba ni lokaci in bincika." Gaskiyar magana ban san amsa ba. Da muka komo makaranta na yi ta tambayar malaminmu na kimiyya, na kuma ɓata lokutan firef da yawa ina lissafi. Abin da na samo shi ne nake so in gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, don na san ba Baba kaɗai ke wannan tambaya ba tun ranar 29 ga Mayu, 2023, sa'ad da aka janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a wurare da yawa.

Motocin lantarki iri iri ne, saboda haka na zaɓi guda ɗaya don kada magana ta watse. Ita ce Hyundai Kona Electric, ƙaramar jif mai ɗaukar mutum biyar, wadda aka fara sayarwa a 2018. Kamfanin da ya ƙera ta na Koriya ta Kudu ne. Na zaɓe ta ne domin ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A watan Nuwamba 2020 kamfanin Stallion ya nuna ta a Legas a matsayin motar lantarki ta farko da aka harhaɗa a Nijeriya. An fito da sabon samfurinta a 2023, amma duk alƙaluman da zan kawo na samfurin farko ne, mai babban batir.

In ka buɗe gabanta ba za ka ga fulogi ba, ba kafireto, ba wurin zuba baƙin mai. In ka zagaya baya kuma ba salansa. Abin da ke madadin tanki shi ne batir irin na wayar hannu, watau na sinadarin litiyom, sai dai ƙato ne, an shimfiɗa shi a ƙarƙashin kujeru. Nauyinsa kimanin kilo 450 ne, watau buhun siminti tara ke nan. Yana ɗaukar wuta yunit 64. Yunit ɗin nan kuwa shi ne dai wanda iyayenmu ke saye su loda a mita. In ka kunna dutsen guga mai wat 1,000 ya yi awa guda yana aiki, to, ka ƙone yunit ɗaya.

Ga wani abin mamaki da malam ya nuna mini. Litar fetur guda tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kimanin yunit 9. Ashe duk batirin nan mai nauyin buhu tara bai fi ƙarfin lita bakwai ba! Yaya za a yi lita bakwai ta kai mutum ko'ina? Dalili shi ne injin fetur almubazzari ne. Yawancin abin da ya sha zafi yake zama, ya fita ta salansa da lagireto, abin da ke isa taya bai fi kashi ɗaya cikin uku ba, sau da yawa ma bai kai ba. Injin lantarki kuwa wajen kashi tara cikin goma na abin da aka ba shi yakan mayar da shi tafiya.

To, yanzu mu zo kan nisan zango, wanda shi ne ainihin tambayar Baba. A takardun Turai an rubuta cewa motar nan tana yin kilomita 484 da caji ɗaya. Daga Kano zuwa Kaduna kuwa kimanin kilomita 230 ne, zuwa da komowa 460. Da na ga haka har na ɗauki biro zan rubuta wa Baba albishir. Allah ya sa na fara nuna wa malam. Ya yi dariya, ya ce in je in gano yadda aka sami 484 ɗin tukuna.

Ashe ba a kan hanya ake samun wannan adadi ba. A cikin ɗakin gwaji ake ɗora motar bisa wasu ƙarafa masu juyawa, tayoyi na gudu amma ita tana wuri ɗaya. Sunan gwajin WLTP. Minti 30 ake yi, a yi tafiyar da ta ɗan haura kilomita 23, kuma in aka daidaita gudun bai kai kilomita 47 a awa ba. Zafin ɗakin digiri 23 ne, na'urar sanyaya mota a kashe, ba buhun shinkafa a but, ba ragon layya. Ana ci gaba da gwajin har batir ya ƙare, daga abin da ta ci ake lissafa zangon. Ba ƙarya aka yi ba, amfaninsa shi ne a gwada wannan mota da waccan a kan ma'auni ɗaya. Amurkawa nasu gwajin ya fi tsanani, su mil 258 suka ba ta, watau kilomita 415. Mota ɗaya, batir ɗaya, amma adadi biyu.

Babban abin da ke cinye wutar shi ne gudu. Mota tana ture iska ne a gabanta, kamar yadda kake ji in ka miƙa hannu ta taga. In ka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska ba sau biyu take ƙaruwa ba, sau huɗu ne. Jif kuma doguwa ce mai faɗin ƙirji, ta fi ƙaramar mota kama iska. A 2020 an gwada wannan a wani filin tsere da ake kira Lausitzring a Jamus. Aka sa Kona uku suka yi ta zagaye a hankali, wajen kilomita 30 a awa, an kashe na'urar sanyi, har batir ya mutu. Kowace ta haura kilomita 1,000. Amma wa zai yi haƙurin tafiya Kaduna da gudun da bai fi na mai keke ƙwararre ba?

Ga lissafina. Adadin 484 yana nufin mota na cin yunit 13 da ɗoriya a kowace kilomita 100. Mu ce Baba ya bi a hankali, 80 zuwa 90, ta ci yunit 15. In ka raba 64 da 15 ka ninka da ɗari, za ka sami 427. Ba ta kai 460 ba. In kuwa ya taka 110 ko 120, ga sanyi a kunne saboda zafin bazara, ga mutane da kaya, mu ce ta ci 20, to zangon ya komo 320. Kuma ba mai hankalin da zai bari batir ya ƙare ƙaf a daji, don ba a sayar da wuta a galan a bakin hanya. Amsa ta fito ke nan: za ta kai mu, amma ba za ta dawo da mu ba sai an ba ta wuta a can.

A cikin gari kuwa labarin ya sha bamban, a nan take nuna gwaninta. In direba ya ɗaga ƙafa daga totur, injin sai ya juye ya zama janareto, tayoyi su riƙa juya shi yana mayar da wuta cikin batir, motar kuma tana rage gudu. A motar fetur wannan ƙarfi zafi yake zama a birki ya bi iska. In kuma ta tsaya a cunkoso injinta ba ya cin kome. Shi ya sa ta fi nisan zango a gari bisa ga babbar hanya, akasin motocin da muka saba da su.

Ba ta wuta hanya uku ne. Ta farko ita ce soket ɗin bango irin na gidajenmu, wanda ke ba ta wajen yunit 2.3 a awa. Cika ta daga ƙasa zai ci kusan awa 30, in wuta ba ta ɗauke ba. Ta biyu, a sa wa gida wani akwati na musamman a bango mai ba da yunit 7.2 a awa, shi kuwa wajen awa tara da rabi, watau dare ɗaya. Ba za ta karɓi fiye da haka daga wutar gida ba, domin wutar gida mai kai da komo ce, batir kuwa mai tafiya hanya ɗaya yake so, na'urar da ke juya ta a cikin motar iyakar ƙarfinta ke nan. Ta uku ita ce tashar caji mai sauri, inda babbar na'ura ke juya wutar a waje ta ɗura wa batir kai tsaye. A nan ana kai wa kashi 80 cikin ɗari a ƙasa da awa guda.

Me ya sa kullum ake cewa 80 ba 100 ba? Malam ya ba ni misali da masallacin Juma'a. Waɗanda suka zo da wuri nan da nan suke samun sahu. In ya kusa cika, mai zuwa sai ya bi a hankali yana neman 'yar kafa. Haka batir yake, in ya kusa cika dole a sassauta, in aka matsa masa ya yi zafi ya lalace. Zafi kuwa shi ne babban magabcinsa. A 2012 masu Nissan Leaf a jihar Arizona ta Amurka, wadda ke da zafi ƙwarai, sun koka cewa batiransu na raguwa da wuri, don ba a sa musu abin sanyaya su ba. Na Kona da ruwa ake sanyaya shi, duk da haka a ƙasarmu inuwa ta fi masa.

Yanzu mu koma ƙauyenmu. Mun isa da saura yunit 18, don mun ci 46 a hanya. Domin mu komo da ɗan abin ajiya sai an ƙara kamar 34. Da soket ɗin bango wannan zai ci wajen awa 17, in aka haɗa da abin da ke salwanta. In ana kawo wuta awa shida a yini, kwana uku ke nan, daidai kwanakin da muke yi. Amma fa a Sallar bara har muka tafi ba mu ga ƙyallinta ba. Wani abokina ya ce a tayar da janareto mana. Na ce, ƙaramin nan da bai kai wat 1,000 ba sai ya yi kusan kwana biyu yana kuka ba hutu, kuma fetur yake sha. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Hasken rana ya fi ba ni sha'awa. A 2021 hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta buɗe tashar caji mai aiki da rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato, ta kuma yi irinta a Jami'ar Legas. Faifan sola mai wat 400, in ya sami rana mai kyau ta awa biyar, zai ba da wajen yunit 2. Baba ba ya wuce kilomita 40 a yini tsakanin gida da ofis da kasuwa, watau yunit 6. Faifai huɗu sun isa. Matsalar ita ce lokacin da rana ke sama motar tana ofis, sai an sayi wani batir a gida ya tara mata.

Batun kuɗi kuwa, a watan Afrilu 2024 an sa wa masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a yini, naira 225 kowane yunit. A wannan farashi cika batir bai kai naira 16,000 ba. Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 za ta sha lita 32 a kilomita 400, kuma a ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Rabi ke nan. Sai dai kuɗin sayenta ya fi na 'yar'uwarta mai fetur nesa ba kusa ba, kuma bakaniken unguwarmu bai taɓa buɗe irinta ba.

Kada wani ya ɗauka raguwa ce. Ƙarfinta na doki 201 ne, kuma daga tsaye takan kai gudun kilomita 100 a ƙasa da daƙiƙa takwas. Injin fetur sai ya ɗauki zafi ana canza giya kafin ƙarfinsa ya fito, na lantarki kuwa tun juyin farko yake bayar da shi, shi ya sa giyarta ɗaya ce, ba kuma kuloci. An ƙayyade gudunta a 167. Nauyin batir a ƙasa yana sa ta zauna daram a kwana, amma ramukan hanya da tudun rage gudu abin tsoro ne, tun da abin da ya fi kome tsada shi ne a ƙarƙashi. Ba ta da ƙara kuma, awaki da yaran ƙauye ba za su ji tahowarta da wuri ba.

Duk wannan na rubuta wa Baba a wasiƙa mai shafi huɗu. Da ya zo ziyara ya ce ya karanta, lissafi ya yi kyau, amma na manta abu guda. Ya ce, "Mutum nawa ka ce tana ɗauka?" Na ce biyar. Na yi sauri na ƙara da cewa akwai Kia EV9 da ta fito a 2023, mai kujera bakwai da batir na kusan yunit 100. Ya ƙirga mu da yatsu, da Inna da Goggo da ƙannena, muka tashi tara. Ya ce in je in lissafa masa su wa za a bari a gida.