Karatun biyoloji a jami'a: ina wuyarsa take?

Yaro ya ci jarrabawar Bak D, gari ya yi murna. Ya tafi jami'a, Yamai ko Maradi, don ya karanci biyoloji, wato ilimin halittu masu rai. Shekara ta zagayo, sai labari ya iso gida cewa zai maimaita aji. Uba ya ce wasa ya yi. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa karatun ne ke da nauyi.

Mai jin sunan karatun zai zaci abu ne mai sauƙi ga ɗan ƙauye. Ai ya san gero, ya san akuya, ya san gawo. To, ba da akuya ake farawa ba. A shekarar farko akwai lissafi, da fizik, da shimi, wato sanin sinadarai da yadda suke haɗuwa. Ga dalili. Ganyen gero yana samun ruwa daga saiwa, ya ɗauki iska, ya haɗa abincinsa da taimakon hasken rana. Wannan haɗin shimi ne. Wanda bai riƙe shimi ba, ba zai gane yadda tsiro ke girma ba, balle yadda taki ke shiga jikinsa. Nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, musamman waɗanda suka zaɓi biyoloji don gudun lissafi.

Lissafin kuwa yana nan yana jiransu. Wani malamin coci a Turai mai suna Mendel ya yi shekaru yana shuka wani irin wake. Yana haɗa iri da iri, yana ƙidayar ƴaƴan ɗaya bayan ɗaya. A 1866 aka buga abin da ya gano game da yadda kamannin iyaye ke bin zuriya. Da ƙidaya ya gano shi. Masu fitar da sabon irin gero har yau sai sun yi ƙidaya irin tasa.

Sai kuma sunaye. Karatun da Faransanci ake yin sa, amma kowace halitta tana da sunan Latin da masana na duniya suka yarda da shi. Wake shi ne Vigna unguiculata. Gawo a dā Acacia albida ake ce masa, aka maida shi Faidherbia albida, don ko sunan ma yana canjawa. Ɗalibi zai haddace irin waɗannan masu tarin yawa, da sunan kowane ƙashi da kowace jijiya.

Hadda ita kaɗai ba ta isa. Akwai aikin hannu a ɗakin gwaji. Ɗalibi zai yanka ganye siriri, ya sa a madubin likita, ya zana abin da ya gani. Zai feɗe kwaɗo ko ɓera. Inda ɗalibai suka yi yawa madubi ya yi kaɗan, sai a jira layi. Wanda ya rasa ranar gwaji don ya zo gida biki, da wuya ya rama ta.

Karatun yana da tsawo. Lisans shekara 3 ne, master shekara 2, dakta kuma aƙalla shekara 3. Akwai kuma abin da ke rikita iyaye: mai karatun biyoloji ba likita zai zama ba. Makarantar likitoci dabam take. Shi zai iya zama malamin lakkwal, ko ma'aikacin ɗakin gwaji, ko mai bincike a INRAN, gidan binciken noma da aka kafa a 1975.

Manoma sun san murzuna, tsutsar nan da ke cin zangarniyar gero. Masu bincike na INRAN da na jami'ar Maradi sun yi aiki a kan wani ɗan ƙwaro mai kama da ƙaramar rina. Macen tana harbin tsutsar, ta zuba ƙwai a jikinta, ƴaƴan su ƙyanƙyashe su cinye ta. Ana kiwon ƙwaron a ɗakin gwaji, a sa shi cikin ƙananan buhuna, a kai kusa da gonaki lokacin da gero ya fid da kai. Kafin a kai buhu ɗaya gona, sai da aka ƙidaya ƙwan da mace guda ke yi, da kwanakin da ƴaƴan ke ɗauka kafin su girma.