Hukuncin Cin Ƙoshi Ranar Sallah Ga Mai Rage Ƙiba

Tambaya: Daga Bagudo nake. Likita ya ce in rage ƙiba, na kuwa taƙaita abinci. Shin da laifi idan na saki ciki ranar Sallah ko walima, na ci tuwon shinkafa da kifi har na ƙoshi?

Amsa: Babu laifi, ɗan'uwa. Asali dai tsakaitawa ce. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta halatta ci da sha, ta hana wuce iyaka. Hadisin Miƙdam a Tirmizi kuma ya kasa ciki uku: abinci, ruwa da numfashi.

Amma Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi ta umartar Abu Huraira da shan nono har cikinsa ya cika. Daga nan malamai suka ce ƙoshi jefi-jefi ya halatta, mayar da shi ɗabi'a ne abin ƙi.

Sai dai idan kana da ciwon suga ko hawan jini, kada ka ci abin da likita ya hana ka, domin cutar da kai haramun ne. Kada ƙoshin ya nauyaya maka salla. Washegari ka koma kan tsarinka.

Wallahu a'alam.