Wace manhaja ta dace da girka sabobin kamfani?

Kamfanin da ya kafa nasa rumbun sabobi, maimakon ya yi haya a wurin Amazon ko Google, yana buƙatar manhajar da za ta girka su da kanta.

Aikin kashi biyu ne. Terraform ce ke ƙirƙirar sabobi da hanyoyin sadarwa a kan dandali irin OpenStack. Ansible kuwa tana shiga sabobin ta SSH ta saka musu manhajoji da saituna. Shi ya sa ake yawan haɗa su.

A duba lasisi kafin a zaɓa: a 2023 kamfanin HashiCorp, mai Terraform, ya tsaurara lasisinta, lamarin da ya haifar da OpenTofu, madadin Terraform da kowa ke da damar amfani da ita. Sannan a ɗauki wadda ma'aikatan kamfanin za su iya kula da ita.