Yadda Ake Shirya Ɗakin Majigi A Gida

A zamanin En'e, idan motar majigi ta sauka gari, ba a fara nuna kome a ƙofar fada sai rana ta faɗi, duhu ya game. Yanzu kuwa na'urar ta ƙanƙance, har malamin makaranta ko akawu yana iya sayen tasa ya ajiye a falo. Amma da yawa sukan zuba kuɗi, sa'an nan su ga hoto ya fito fari-fari kamar zanen da ya sha wanki, su ɗora wa na'ura laifi, alhali kuwa taga ce ta ɓata.

Dalili shi ne majigi ba ya jefa baƙi. Abin da ido ke gani baƙi a jikin allo, wurin da haske bai faɗa ba ne kurum. To, in hasken rana ya riga ya kwanta a wurin, ina baƙi zai fito? Saboda haka kada allo ya fuskanci taga. A nemi labule mai kauri, wanda in an ɗaga shi ga rana ba a hango ta, a rataye shi daga kusa da rufi har ƙasa, ya zarce taga da taƙi guda kowane gefe, gama ta sama da gefe haske ya fi satar shiga. Farin bango ma yakan mayar wa allo haskensa, don haka mun fi son fenti mai duhu marar ƙyalli.

Zancen sauti ya fi wuya, domin abu biyu ne. Na farko amsa-kuwwa a cikin ɗaki. A 1895 Jami'ar Harvard ta Amurka ta sa wani malami, Wallace Sabine, ya gyara wani zauren lacca inda kalma takan yi ta yawo fiye da daƙiƙa 5 kafin ta mutu. Ya riƙa kwaso matasan kujeru da dare yana shimfiɗawa yana aunawa, har ya gane abu mai laushi shi ke shanye sauti, mai tauri kuwa ya dawo da shi. Gilashi da siminti masu tauri ne. Mutum ya tsaya tsakar ɗaki ya tafa sau ɗaya. In ya ji ƙarar ta ja, sai darduma a ƙasa, labule mai tattara, da kantar littattafai a bangon baya.

Na biyu shi ne ƙarar da ke fita ta hana maƙwabci barci. Nan fa labule ba ya yin kome sai kaɗan, musamman ga rugugi mai kauri. Kiret ɗin ƙwai da wasu ke mannawa a bango, wahalar banza ce. Abin da ke tare sauti nauyi ne da toshe kafa: duk sa'ad da aka ninka nauyin bango ko gilashi, ƙarar da ke ƙetarewa takan ragu da kamar desibel 6. Shi ya sa soron ƙasa ya fi rufin kwano shiru. Taga mai jerin fallayen gilashi ba ta rufuwa ruf. Gara a ƙara mata ta biyu daga ciki, a bar fili tsakaninsu, a bi gefuna da roba.

Amma fa ɗakin da aka toshe haka yakan yi zafi, iska ba ta zagawa. A bar mafitar iska ta gefen da babu maƙwabci, a kuma kai janareta waje, nesa da ita. Hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar launi marar wari, wadda ke kashe mutum a rufaffen ɗaki tun bai farga ba.