Longganisa da Dankali: Me Ya Sa Ake Fara Suyar da Ruwa?

A gidajen Filifins, mai suyar longganisa ba ta fara zuba mai a kasko. Ruwa kaɗan take sawa, ta jera naman a ciki, ta bar shi a kan matsakaiciyar wuta har ruwan ya ƙone, sannan kitsen da ya narke ya soya shi. Longganisa niƙaƙƙen naman alade ne da ake kwaɓawa da tafarnuwa, gishiri, masoro, binega da sukari, a ɗura a cikin hanji. Ta samo asali ne daga Sifaniyawa, waɗanda suka mallaki tsibiran daga 1565 zuwa 1898, kuma a zamaninsu ne dankalin da muke kira na Hausa ya iso can daga Meziko. A ganina wannan suya mai farawa da ruwa ita ce daidai, kuma idan za a haɗa naman da dankali, babu wata hanya da ta kai ta.

Dalili na farko yana cikin sukarin. Longganisar garin Vigan da ta garin Lucban tafarnuwa da tsami ne suka fi yawa a cikinsu, amma ta lardin Pampanga zaƙi ne da ita sosai. Idan aka jefa irin wannan cikin mai mai zafi, sukarin yakan ƙone ya yi baƙi da ɗaci tun cikin naman yana ɗanye. Ga shi kuwa niƙaƙƙen nama ba kamar tsoka ba ne: niƙa ya riga ya cuɗa ƙwayoyin cutar da ke bayansa har tsakiya, shi ya sa ake so zafin tsakiyarsa ya kai digiri 71 a ma'aunin Salshiyas. Muddin akwai ruwa a kasko, zafi ba ya wuce digiri 100, wanda ya isa ya dafa nama amma bai isa ya ƙona sukari ba. Sai ruwan ya ƙare sannan ja da ƙamshin suya su zo, a lokacin an riga an tsira daga ɗanyen ciki.

Dankalin ma abin da yake so ke nan. A cikinsa akwai wani sinadari mai suna amiles da ke farfasa sitaci ya mayar da shi sukari, kuma aikinsa ya fi ƙarfi tsakanin digiri 60 da 75; da zafi ya zarce haka sai ya mutu. Dankalin da ya ɗumama a hankali yana daɗewa a wannan tsakani, don haka ya fi zaƙi da laushi. Idan aka yanka shi ƙanana aka zuba tare da naman tun farko, zai nuna a cikin tururi, ya ƙarasa soyuwa a kitse mai ƙamshin tafarnuwa.

Wasu za su ce ruwa yana wanke ɗanɗano. Da zubar da ruwan ake yi, da maganarsu ta yi ƙarfi, amma a nan ƙafewa yake, duk abin da ya fita daga naman ya koma ya lulluɓe shi. Sukar da ta fi nauyi ita ce zaƙi a kan zaƙi, ga kuma kitse. Mutanen Filifins suna karya zaƙin da binega da tumatir, sai dai binega ba ta rage kitse ko gishiri. A 2015 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sarrafaffen nama cikin abubuwan da ke haddasa kansar hanji, ta ce cin giram 50 kullum na ƙara haɗarin da kusan kashi 18 cikin 100. Wannan gargaɗi ne a kan cin yau da gobe, kuma a nan dankali yake da rana: idan ya cika rabin faranti, naman ya zama mahaɗi kawai.

Mafi yawan masu karatu ba sa cin alade, haka ma Musulmin tsibirin Mindanao na Filifins. A Filifins ɗin kanta ana yin longganisa da kaza, birnin Cabanatuan kuma ya shahara da ta naman shanu, wadda suke kira batutay. Ƙa'idar ruwan ba ta canzawa, sai dai kaza tana buƙatar digiri 74, da ɗan cokalin mai idan ruwan ya ƙafe, tunda kitsenta bai isa ya soya ta ba.