Danne Tsirkiyoyin Jita da Yatsa Ɗaya

A wannan ɗan rubutu zan yi bayanin wata dabarar kiɗan jita da ke sa masu koyo da yawa su karaya. Kuntigin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tsirkiya 1 gare shi, garaya 2, molo 3, jita kuwa 6. Sannan an gitta ƙananan ƙarafa a wuyanta, sun raba shi gida-gida.

Dabarar ita ce a shimfiɗa manuniya ta danne dukkan tsirkiyoyin a gida ɗaya, sauran yatsu uku su kama wurarensu a gabanta. Ni “danne-duka” nake kiran ta. A gida na 1 ana samun haɗin sautin F. In aka zame da hannu zuwa gida na 3 sai ya koma G, a na 5 kuma A, alhali zaman yatsun bai canza ba. Ɗalibin harshe ya san irin wannan: ƙirar ma-…-i ɗaya ce, saiwa ce ke sauyawa, a sami manomi, maɗinki, maƙeri.

Da nake koyo a Gabukka, na lura gida na 1 ya fi wahala, domin a nan tsirkiya ta fi tauri. Don haka a fara daga na 5. A ɗan karkata manuniya ta kwanta da gefenta dab da ƙarfen, babban yatsa ya tokare bayan wuyan jitar. A kaɗa tsirkiyoyin ɗai-ɗai. Wadda muryarta ta dushe, nan gyara yake. In hannu ya yi tsami, a huta. Sannu ba ta hana zuwa.