Ciwon Ɓoye a Kayan Faiba: Gwaji da Rajista Kafin Ɓarna

Daga Kazaure zuwa Babura, Roni da Gwiwa, kayan haɗi suna shiga wuraren da a da ƙarfe ne kaɗai ke aiki. Faifan sola da ke jan ruwan burtsatse shimfiɗu ne na gilashi, roba da silikon da aka manne wuri guda. Fukafukan injinan iska 37 da kamfanin Vergnet na Faransa ya kawo Lambar Rimi a jihar Katsina kuwa zaren gilashi ne da aka jiƙa da danƙo ya daskare, wato faiba. Dalilin sauyin a fili yake: kayan ba su da nauyi, ba sa tsatsa, kuma tsadar fetur tun cire tallafi a Mayun 2023 ta tura manoma da masu shaguna ga sola. Sai dai kayan sun iso, sanin duba lafiyarsu bai biyo su ba.

Ƙarfe yakan nuna ciwonsa, ya lotsa ko ya yi tsatsa. Faiba kuwa ɓoyewa yake yi. Kumfar iska da ta maƙale lokacin ƙira, ko danshi, ko faɗuwa daga bayan mota, suna raba shimfiɗa da 'yar'uwarta ta ciki alhali fuskar sumul take. Zafin bazara da ƙurar hunturu sai su faɗaɗa tsagar. Shi ya sa masana'antu ke gwaji ba tare da fasa kaya ba: a cusa sautin da kunne ba ya ji a auna amonsa, ko a ɗumama kayan a duba da kyamarar zafi, ko a tura wa faifan sola lantarki cikin duhu, matattun wuraren su fito baƙi. Kamfanin Boeing ya dakatar da miƙa jirgin 787, wanda rabin nauyinsa kayan haɗi ne, daga Mayun 2021 zuwa Agustan 2022 saboda 'yan giɓi a mahaɗar gangar jiki. Jirgin nutso na Titan, mai gangar zaren kabon, ya murƙushe a Yunin 2023 da mutum 5, bayan an yi watsi da shawarar a yi wa gangar irin wannan gwaji.

Wani zai ce wannan zancen masu jirage ne, ina mai shago a Babura ya ga kuɗin na'ura? Gaskiya ne na'urorin suna da tsada, amma matakin farko kyauta ne. Yadda mai sayen tukunya ke ƙwanƙwasa ta don jin tsaga, haka injiniyoyin jirage ke bubbuga faiba da kwabo. Inda ya rabu sautinsa a dushe yake. Abin da ya fi na'ura muhimmanci ma shi ne rajista: lambar kaya, wanda ya ƙera, ranar kafawa, aibin da aka gani. Idan babu ita, duk faifan da ya mutu ƙaddara za a kira shi. Idan akwai, za a gane cewa kayan dillali ɗaya ne ke ta mutuwa.

Don haka ƙananan hukumomin Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa su sa lambar kaya da takardar gwaji cikin sharuɗɗan kwangilar burtsatse, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure ta horar da masu dubawa, kuma kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai sun sa hannu.